Tambayi Baba Malam: Yarana Sun Haddace, Amma Ba Su Karanta Ba

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duk a kan karatun littafin kimiyya suke. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ce ta fi cin wuri, domin ta taɓo mini wani tsohon miki.

Tambaya: Baba Malam, barka da ƙoƙari. Ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare, shekarata ta huɗu ke nan. Yarana sun haura tamanin a aji guda. In na rubuta musu ma'anar abu a allo, gobe za su kawo mini ita tas, ko wasali ba za su ɓata ba. Amma ranar jarrabawa, da an ɗan juya tambayar sai a yi carko-carko. In na ce su buɗe littafi su karanta shafi ɗaya, kafin minti biyu sun ce sun gama. Na tambayi abin da shafin ya ce, shiru kamar ruwa ya cinye su. Laifina ne ko nasu? Daga wata malama, Funtuwa.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kafin mu raba laifi, bari ki ji nawa.

Shekarar da na yi bautar ƙasa, wata makaranta aka tura ni a saman tsaunin Filato, ba nisa da Jos. Ina tafe da ɗanyen kai da takardar shaida sabuwa fil. Na rubuta wa yara a allo cewa ruwa yana tafasa a digiri 100, suka kwafa, suka haddace. Ranar gwaji na ɗora ruwa a kan risho, na tsoma ma'aunin zafi, ruwa ya tafasa har yana tsalle, ma'auni ya tsaya a wajen 96 ya ƙi gaba. Na ce ma'aunin ya lalace. Aka kawo wani, shi ma 96. Na ce yaron da ke dubawa ne bai iya ba, na karɓa da kaina, ina gumi. Sai wani siririn yaro daga benci na baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, littafin cewa ya yi a daidai bakin teku." Na buɗe. Ga shi nan kuwa, a jimlar da na kwafo da hannuna: tsabtataccen ruwa, a matsin iska irin na bakin teku. Ni ne na gutsure kan jimlar da wutsiyarta don ta yi daɗin haddacewa. Jos tana sama da teku da fiye da mita 1,200, iskar can ba ta danna ruwa kamar ta Legas, shi ya sa yake tafasa tun bai kai 100 ba. Yaron nan shi kaɗai ya karanta littafin a ajin, har da ni mai alli.

Tun daga ranar na gane cewa a rubutun kimiyya ma'ana tana ɓuya ne a ƙananan kalmomi, waɗanda ido ke tsallakewa: idan, sai dai, galibi, wasu, saboda, bayan haka. Labari in kika tsallake layi biyu za ki kamo zaren a gaba. Nan kuwa in kika tsallake "galibi" kin mayar da gaskiya ƙarya. Yaranki da suka gama shafi cikin minti biyu ba ƙarya suka yi ba, idonsu ya bi ta kan kowane layi. Ba wanda ya taɓa nuna musu cewa akwai wani irin karatu da ake yi da tsayawa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun fi kowa sanin irin wannan karatun. A zauren mahaifina, Allah ya jiƙansa, magidanta masu furfura kan zauna bayan asuba da ƙaramin littafin fiƙihu. Ɗalibi ya ja layi ɗaya, malam ya tsayar da shi, ya fassara kalma bayan kalma, ya ce wannan lamirin ina ya koma, wannan sharaɗin me ya fitar. Layi uku sai su ci rabin awa, kuma ba a ƙari sai an biya na jiya. Ba wanda zai tashi daga nan ya haɗa farilla da mustahabbi. Yaranki da yawa suna zuwa Islamiyya da yamma, sun san wannan zaman. Da sun sa kayan makarantar boko sai su ajiye shi a gida, mu malamai kuma ba mu ce su taho da shi ba. Abin da karatun kimiyya ya ƙara a kai tambaya ɗaya ce, wadda dole a yi wa kowace jimla: ta yaya aka san haka?

Ga yadda na riƙa yi, ki gwada ko sau ɗaya a mako. Ki manta da shafi, sakin layi ɗaya ya isa. Wanda na fi so shi ne wannan, nakan rubuta shi a allo tun kafin su shigo:

"Wajen shekara 400 da suka wuce, wani likita mai suna Jan Baptist van Helmont, a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, ya busar da ƙasa a tanda, ya auna wajen kilo 90, ya zuba a tukunya. Ya dasa reshen wata bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗan ɗoriya. Ya rufe bakin tukunyar da farantin ƙarfe mai huda-huda don kada ƙura ta shiga. Shekara 5 babu abin da yake zuba mata sai ruwa. Da ya cire bishiyar ya auna, ta kai wajen kilo 77. Ya sake busar da ƙasar ya auna, sai ya ga abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Bai auna ganyen da suka kakkaɓe a tsawon shekarun ba. Sai ya ce ashe daga ruwa kaɗai bishiyar ta samu jikinta."

Wannan gwaji na gaske ne, an buga labarinsa a 1648, shekara huɗu bayan rasuwar mutumin. Da farko ni nake karantawa da ƙarfi, a hankali, sannan in ce kowa ya juya wa allo baya ya gaya wa na kusa da shi abin da ya faru, da Hausa. Ajin zai kaure da surutu, ki bar su. A nan za ki ji wani yana cewa mutumin ya zuba taki, ɗan'uwansa ya ce ina ka ga taki, su juyo su duba. Wannan juyowar ita kike nema.

Sai a koma da fensir. Kowa ya kwafi sakin layin, ya zagaye duk wata lamba, ya ja layi ƙarƙashin kalmar da bai sani ba. In tambaya: bishiyar ta ƙaru da kilo nawa? Amsar ba ta cikin rubutun a fili, sai an ɗebe 2 daga 77. Za ki sha mamakin yawan waɗanda za su ce 77. Me ya sa ya busar da ƙasar sau biyu? Me ya sa ya rufe tukunyar? Dokata ɗaya ce, kuma yarana har laƙabi suka yi mini da ita: nuna mini da yatsa. Duk wanda ya ba da amsa sai ya taso ya ɗora yatsa a kan kalmar da ya samo ta. Wanda ya ce "ai haka ne kawai" ya koma ya zauna, ko da amsarsa daidai ce.

Karo na uku shi ne mai daɗin. Nakan raba allo biyu, gefe guda abin da mutumin ya gani da idonsa, ɗaya gefen abin da ya ce. Yara su jera jimlolin. Duk za su tafi gefen farko, ta ƙarshe ce kaɗai za ta tsallaka. Daga nan in ce to, awon da ya yi ya isa ya tabbatar da maganarsa? Akwai shekarar da wata yarinya, 'yar mai sayar da itace, ta ce, "Malam, ai ɗanyen icce in ya bushe ruwan ya fita, amma iccen yana nan, har ya yi gawayi. Gawayin daga ina?" Na ajiye alli na ce a tafa mata. Abin da van Helmont bai auna ba ke nan: iska. Ganye yana jan iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da ƙarfin hasken rana ya yi sukari, da shi bishiya ke gina jikinta. Mutumin ya yi gaskiya da ya ce ba ƙasa bishiyar ta ci ba, ruwa ma yana da rabonsa, amma "kaɗai" ɗin nan ita ta kayar da shi. Yaron da ya kama babban masani da kuskure a kan kalma ɗaya ba zai ƙara kallon littafi da ido ɗaya ba, kuma darasin yadda ganye ke haɗa abinci da za ki yi mako mai zuwa ya riga ya samu wurin zama a kansa.

Maganar yara tamanin, ki yi aiki da benci. Kowane benci su yi shawara su fitar da amsa ɗaya, ke ki zaɓi wanda zai faɗa, kada kullum ya zama mai ɗaga hannu. Kada kuma ki ji tsoron Hausa a lokacin muhawara. Da Turanci za su rubuta jarrabawa, gaskiya ne, saboda haka amsar ƙarshe su rubuta ta da Turanci. Amma wanda bai iya faɗin abu da harshen da yake mafarki da shi ba, bai gane shi ba tukuna. Ki kuma lura da kalmomin da suka saba ji a gida amma kimiyya ta ba su wata ma'ana. Mai talla da ta tsaya cak awa guda da farantin gyaɗa a ka ta gaji liƙis, amma a lissafin fizik ba ta yi wa farantin "aiki" ba, tunda bai gusa ba. Irin waɗannan sun fi baƙin kalmomi haɗari, domin yaro yana ganin ya san su, ba zai tambaya ba.

Laifin wa? Ni dai ban ga na yaran ba.

Tambaya: Malam, na sha jin kana wannan magana ta karatu a tsanake. Faɗa da baki ne mai sauƙi. Manhaja ta yi mana yawa, masu duba makarantu in sun zo littafin tsarin darasi suke buɗewa su ga ina aka tsaya. Kuma a ajina waɗanda ke da littafi ba su fi biyar ba. Me za su karanta a tsanaken? Daga wani malamin ilimin noma, Gumel.

Amsa: Malam, ka yi gaskiya, ni ma na cika wannan littafin shekara da shekaru, na san yadda ake rubuta "an kammala" a gaban darasin da ba a kammala ba. Ban ce ka yi haka kullum ba. Minti ashirin a mako, daga cikin lokacin da kake ba su kwafar rubutu. Kwafar nan ma ai tana cin fiye da haka.

Batun littafi kuwa, kai da kake koyar da noma ka fi kowa arziki. Ka aro buhun taki wanda ba komai a ciki ka rataye a gaban allo. An rubuta NPK 15-15-15, an rubuta kilo 50. Ka tambaye su lambobin nan uku na mene ne. Yawancinsu sun ɗauki buhun nan a ka zuwa gona, ba su taɓa tambaya ba. Ta farko tana nufin kashi 15 cikin 100 na nauyin buhun sinadarin naitirojin ne, wato kilo 7 da rabi. Ka kawo buhun yuriya kusa da shi, an rubuta kashi 46, wato kilo 23 a buhu mai nauyi ɗaya. Sai ka ce to wanne ya fi, ka bar su su yi ta musu, har wani ya lura cewa yuriya naitirojin kaɗai take bayarwa, ɗayan kuwa yana ɗauke da abu uku. Wani zai tara 15 sau uku ya samu 45 ya ce ina sauran 55, ka ga an shiga bayanin cewa sinadaran ba tsurarsu suke zuwa ba, a haɗe suke da wasu, ga kuma ciko. Darasin taki na cikin manhajarka, ba ka kauce ko taku ɗaya ba.

Haka ledar gishirin zawo da ake bayarwa a asibiti: a ruwa nawa za a zuba, awa nawa za a yi a zubar da ragowar. Haka takardar da ke cikin kwalin magani, da bayan gwangwanin maganin feshi. Duk rubutun kimiyya ne, kuma irin wanda kuskuren karanta shi ke kai mutum gadon asibiti.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, ban yi boko ba sai allo. Ɗana yana aji biyar na sakandare, kullum yana kan littafi har ƙarfe ɗayan dare, amma sakamakonsa na ilimin halittu da na sinadarai ba ya kyau. An karanta mini filinka, na ce a rubuto maka. Da me zan taimake shi? Daga wani mahaifi, Maraɗi, mazaunin Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ya raya mana shi. Rashin bokonka ba cikas ba ne a nan, wataƙila ma shi ne maganin. Bayan sallar isha ka kira shi, ka ce ya zaɓi sakin layi ɗaya daga abin da ya karanta yau, ya rufe littafin, ya bayyana maka da Hausa yadda za ka gane. Kai kuma ka yi masa irin tambayar da kake wa dillali: me ya sa, daga ina, in ba haka ba fa? Duk inda ya fake da kalmar Turanci ka ce ba ka ji ba, ya sake. In ya maƙale, ya buɗe ya duba ya dawo. Malaminsa zai iya barinsa ya wuce da haddar aku, tunda kalmomin da ya zubo daidai suke da na littafi. Kai ba za ka bari ba.

Ka fara da randar gidanka. Ka tambaye shi me ya sa ruwan randa ke sanyi, na jarkar roba kuwa yana nan ɗumi, alhali inuwa ɗaya suke. Amsar tana cikin littafinsa: jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa, in ya bi iska sai ya tafi da zafin da ke ciki. In ya kawo wannan, ka ƙara masa: to me ya sa sanyin ya fi da rani, da damina kuwa sai a hankali? Da wannan ilimin ne wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000.

Kuma don Allah ka kore shi ya kwanta da wuri. Karatun ƙarfe ɗayan dare yawancinsa kallon takarda ne.

Tambaya: Baba, ina shirin rubuta WAEC da JAMB bana. Gaskiya in na zo kan zane ko jadawali a littafi tsallakewa nake yi, don na ga duk abin da ke ciki an riga an faɗa a rubutu. Kuskure ne? Daga wata ɗaliba, Azare.

Amsa: Jikata, babba ma. Buɗe littafinki inda aka zana yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke zagayawa. Ɗora yatsa a kan sauron, ki bi kibiya ta farko. Ina ta nufa? Yawancin ɗalibai cewa suke cikin ƙwayoyin jini, alhali hanta ta fara zuwa. A can take yin kwanaki tana hayayyafa mutum bai ji komai ba, sannan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, in suka farfashe zazzaɓi ya rufe shi. Shi ya sa alamun kan ɗauki kwana 10 zuwa 15 kafin su bayyana, sauron da ya cije ki jiya ba shi ya kwantar da ke yau ba. Kowace kibiya a zanen nan wani ya sha wahala kafin a ja ta. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar a jinin majiyyaci a Aljeriya, sai kuma a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya.

Ki mayar da kowace kibiya jimla, ki faɗa da baki: daga nan ta tafi can, ta zama kaza. In jadawali ne, kafin ki kalli lamba ko ɗaya ki karanta kan kowane layi da abin da aka auna da shi, giram ne ko kilo, minti ne ko awa. Masu shirya jarrabawa sun san ana tsallake wurin, can suke ɗana tarkonsu. Daren nan ki rufe littafin ki zana zagayen da kanki a bayan takarda, sannan ki buɗe ki ƙirga kibiyoyin da kika manta, ki rubuto mini ko nawa ne.